Kajina na gudun mutane, zakarana na sarar yara: ana gadon hali a kaji?

Wata baiwar Allah daga Tumfure a Gombe ta aiko da tambaya. Ta ce tana da kajin Hausa kusan ashirin a tsakar gida, amma ko tsaba ta watsa musu sai ta ja da baya suke zuwa ci. In za a kama ɗaya kuwa sai an tara yaran maƙwabta an yi ta zagaye gida, wata ma ta haura katanga. Ga shi babban zakaranta ya fara bin ɗanta mai shekara uku da sara, har ya ji masa ciwo a kumatu. Tana son sanin ko kaji na gadon hali, in kuma suna yi, yaya za ta samu irin da ba ya gudun mutane, ba ya kuma faɗa.

Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Bari in fara da zakaran, don shi ne na gaggawa. Kada ya ƙara yini a sake. Zakaran da ya taɓa dira wa yaro zai sake, kuma tsayin ɗan shekara uku daidai yake da inda zakara ke kai baki da ƙafa in ya yi tsalle. Tsakanin kumatu da ido babu nisa. A yanka shi, ko a sayar wa mai yankawa, kada a ba wata mai kiwo ta kai gidan da ke da yara. Za ki ji masu cewa a riƙa korarsa da tsintsiya har ya horu. Iyakar abin da hakan ke yi shi ne ya ji tsoronki, ke babba, yaron kuwa yana nan a idonsa abokin karawa. Ciwon a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, in ya yi zurfi ko ya kumbura a kai shi asibiti, a kuma tambayi batun allurar tetanus.

To, batun gado. E, kaji na gadon hali, amma ba dukansa ba. Ba sai mun je nesa ba, ki dubi zabi. Da damina mutanen ƙauyukanmu kan sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta rene su kamar nata. Uwa ɗaya, akurki ɗaya, tsaba ɗaya, amma da sun tasa sai ki ga ƙaramin motsi ya zaburar da su, dare ya yi su haye bishiya. Wannan jini ne. Duk da haka, zabin da kaza ta rena a tsakar gida sun fi waɗanda zabuwa ta rena a bayan gari sabo da mutane nesa ba kusa ba. Wannan kuma reno ne. Haka abin yake tsakanin kaza da kaza, sai dai bambancin bai kai na zabi girma ba.

Masana sun gwada wannan a aikace. A shekarar 1959 wani ɗan Rasha mai suna Dmitri Belyaev ya fara kiwon wata irin yanyawa a birnin Novosibirsk, yana barin waɗanda suka fi yarda da mutum kaɗai su haihu. Bayan wasu zuriyoyi aka samu masu kaɗa wa mutum wutsiya kamar karnuka. Wanda ya fi kusa da tambayarki shi ne aikin Farfesa Per Jensen da abokan aikinsa a Jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin. Sun ɗauki jar kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya, wadda daga ita kajin gida suka samo asali, suka raba ta gida biyu: suna haɗa mafi tsoron mutum da mafi tsoro, mafi ƙarancin tsoro da irinsa. Cikin zuriya biyar bambanci ya fito sarai. Abin da zai faranta wa mai kiwo rai, marasa tsoron sun fi girman jiki, ƙwansu ma ya fi girma. Amma lissafinsu ya nuna kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai na bambancin tsoro tsakanin kaza da kaza ke bin jini. Saura yana ga reno da muhalli. Ma'anar wannan a gare ki ita ce, ƙyanƙyasa ɗaya ba za ta sauya miki garke ba, sai dai ɗan abin da aka samu a kowace zuriya yana nan, ba ya zubewa, na gaba ya hau kansa.

Yanzu ga abin da nake so ki tsaya ki duba da kyau, don a ganina nan ne matsalar yawancin gidajenmu take. Baƙo ya sauka da la'asar, maigida ya ce a kamo kaza. Yara suka bazama. Wace za su kamo? Ai wadda ta fi sauƙin kamu, wadda ke zuwa gindin turmi tana tsintar tsaba a ƙafar mai daka, wadda ko an miƙa hannu sai ta ɗan matsa kawai. Mai tsoron nan da ta haye rufin ɗaki tana kyarkyara ita ce ta tsira. Ita za ta yi ƙwai, ita za ta kwanta, 'ya'yanta za su cika gidan. Ranar suna haka, ranar da ake neman kuɗin littafin makaranta haka. Sallah ta gabato a ɗauki babban zakara mai nutsuwa a kai kasuwa don shi zai yi kuɗi, a bar wa kaji wanda ya gagara kamu. Shekara da shekaru ana haka, an yi zaɓen iri ba tare da an sani ba, sai dai masu gudu da masu faɗa aka zaɓa. Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana yankanta, kuma gaskiya ne, don ba ado ake kiwo ba. Amma mai neman iri dole ta sauya jerin: kazar da ta saba da ke ita ce ta ƙarshe da wuƙa za ta hau, mai firgita ita ce ta farko. Ko wannan kaɗai kika gyara, kin yi rabin aikin.

Kafin ki zaɓa sai kin san wace ce wace. Ki samo zare kala biyu ko uku ki ɗaura musu a ƙafa, sako-sako, kina dubawa kada ya shige fata in ƙanana ne masu girma. Gwajin farko da safe ne, kafin su ci komai. Ki tsuguna da tsaba a tafin hannu, ki yi shiru. Wadda ta zo ta ci a hannunki, da wadda ta tsaya taku ɗaya tana leƙe, da wadda ta tsaya can jikin katanga, kin riga kin ga aji uku. Ki maimaita a ranaku dabam-dabam, don kaza ma tana da ranar da ba ta jin daɗi. Gwaji na biyu da dare ne, bayan sun kwanta, tunda kaza ba ta gani sosai a duhu. Ki ɗauko ta a hankali ki riƙe a ƙirjinki minti ɗaya. Wata za ta ɗan motsa ta lafa, ki ji bugun zuciyarta na sauka a tafinki. Wata kuwa ihu za ta yi ta yi har ta tada sauran. Akwai na uku da masu bincike ke yi: a kwantar da kaza rigingine, a ɗora hannu a ƙirjinta kamar daƙiƙa 15, a janye a hankali. Za ta sandare kamar matacciya. Mutane kan ɗauka wadda ta daɗe a haka ita ce mai haƙuri, alhali ita ce mafi tsoro. Mai nutsuwa nan da nan take juyawa ta miƙe ta kama gabanta.

Sai dai a kula da abu biyu, don kada a zalunci kaza ko a yaudari kai. Kazar da ke kwanci, ko mai jan 'yan tsaki, in ta kumbura gashi ta sare ki ba mugun hali ba ne, uwa ce. Ba a yi mata hukunci sai ta yaye. Na biyu, kaza mai ciwo kama take da mai sabo. In kin ga wadda a da ba ta tsayawa yau ta tsaya kin ɗauke ta, ga ido a lumshe, fiffike a sake, tsuliya da kashi, ware ta za ki yi ki nemi malamin dabbobi, ba ɗaura mata zaren zaɓaɓɓu ba.

Zakara shi ne rabin garke. Kaza ɗaya 'ya'yanta ne kaɗai za su gaje ta, shi kuwa duk ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a gidan rabinsa nasa ne. Saboda haka in za ki tsananta zaɓe a wuri ɗaya, to a kansa ne. Ba a sanin halin zakara sai ya balaga, wajen wata biyar zuwa shida, lokacin da cararsa ta nuna. Ki bar samari uku ko huɗu su kai wannan lokaci kina kallonsu. Na kirki in ya samu ƙwaro ko tsaba ba ya haɗiyewa, ɗauka yake yana ajiyewa yana ƙananan kira har kaji su zo su ci. Idonsa na sama yana gadin shirwa. In kin nufo shi sai ya kauce miki cikin nutsuwa, ba gudu ba, ba tsayawa ba. Wanda za ki rabu da shi kuwa shi ne mai tunkaro mutum a kaikaice da fiffike ɗaya a ƙasa, gashin wuya a tashe, ko mai lallaɓowa ta baya ya kai wa zane sara. Ki dubi bayan kajinki ma: in ya zama fili babu gashi, ga jini a kai, to zakaran ya fiye ƙarfi a barbara, ko zakarun sun yi yawa. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma.

A nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Rashin tsoro a kaza sabo ne, amma a zakara yakan koma raini. A abin da nake gani, da yawa daga zakarun da ke sarar mutane su ne waɗanda yara suka rena a cinya suna ba su abinci a baki tun suna ƙanana. Ya girma bai ga bambanci tsakaninsa da mutum ba, ranar da jini ya motsa sai ya nemi ya gwada ƙarfi. Ko a binciken Suwidin ɗin nan, marasa tsoron mutum su ne suka fi danne 'yan uwansu. Don haka 'yan matan ki ja su a jiki yadda kike so, mazan kuwa a bar ɗan tazara. Wanda ake nema shi ne mai ganin girman mutum ba tare da firgita ba.

Bayan kin rabu da tsohon zakaran, kada ki yi saurin sa ƙwai a kwanci. Kaza na ajiye maniyyin zakara a jikinta mako biyu zuwa uku tana amfani da shi, don haka ƙwan da za ta yi a wannan tsakani nasa ne. A soya su a ci har mako uku su cika. Kuma in kajinki na fita waje, zakaran maƙwabta na da rabo a cikinsu. Ki kewaye wani lungu da zana ko ragar waya, ki sa zaɓaɓɓun kaji huɗu ko biyar da zakaran da kika yarda da shi, ƙwansu kaɗai za ki tara. Ki yi wa kowane ƙwai alamar uwarsa da fensir, ki ajiye a wuri mai sanyi, tsinin a ƙasa, kada ya wuce mako guda, musamman a zafin Maris da Afrilu da Gombe kan doshi digiri 40 a ma'aunin zafi. Ƙwai 10 zuwa 12 sun ishi kazar Hausa, kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Ba dole uwar ƙwan ce za ta kwanta ba. Ki sa wa kazar da ta fi nutsuwa a cikin masu kwanci, domin 'yan tsaki daga mai renonsu suke koyon abin tsoro. In ita tana ganinki ta yi kukan gargaɗi, sun ɗauke ki shirwa ke nan tun ranar farko.

Halin kaza da 'yan uwanta ma abin dubawa ne, ba halinta da mutum kaɗai ba. Wani masani a Jami'ar Purdue ta Amurka, William Muir, ya lura cewa in ana zaɓar kazar da ta fi kowa ƙwai a keji, sau da yawa azzalumar ce ake zaɓa, wadda ta hana sauran ci. Sai ya koma zaɓar dangin da suka fi zaman lafiya da yawan ƙwai a haɗe. A sakamakon da ya fitar a 1996, mace-mace ya sauko daga kashi 68 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 9, ƙwan kowace kaza a shekara ya tashi daga 91 zuwa 237. Ke ma in kin ga wata ƙosasshiya mai sheƙi tana tsare bakin kwano tana fige na ƙasa da ita, kada ƙibarta ta ruɗe ki. Ɗan sara na nuna wa juna matsayi dole ne a kaji, amma mai bin 'yar uwarta har lungu ta fitar mata da jini ba ta shiga cikin iri.

Sai reno, wanda shi ne kaso mafi girma. Ɗan tsako ba ya fitowa daga ƙwai da cikakken tsoro, a kwanakin farko ne tsoron ke shigarsa, shi ya sa makon farko ya fi kowane lokaci tsada. Ki zauna ƙasa kusa da su safe da yamma da ɗan tsaki ko gara a hannu. Hannun ya zo ta gefe, a ƙasa-ƙasa, don duk abin da ya sauko musu daga sama shirwa ce a wurinsu. Ki riƙe kira ɗaya, ko fito ko kaɗa tsaba a gwangwani, kada ki yi shi sai da abinci a hannu. Yaran gida kuma a kafa musu doka: ba kora, ba jifa, ba tseren kama kaza. Tsere ɗaya na rushe sabon da aka yi wata guda ana ginawa, kuma ba wadda aka kama kaɗai ba, har masu kallo. In ana bukatar kaza gobe, a ɗauke ta yau da dare daga akurki a kife ta da kwando. A riƙe ta da hannu biyu a kan fikafikai, ƙirjinta a tallafe. Rataye ta ta ƙafa kai a ƙasa yana firgita ta, yana kuma wahalar mata da numfashi. Kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa su.

Sau da yawa ma abin da ake kira mugun hali yunwa ce ko matsi. Kaji ashirin a kwano ɗaya dole a yi faɗa, a raba musu wuri uku. Dusa zalla ba ta ƙosar da su, in suka rasa abin gina jiki sai su koma cin gashin juna, don haka a haɗa da garin ƙuli-ƙuli ko gasasshen waken suya ko garin kifi. A ajiye ruwa a inuwa, a zuba toka da yashi a wani gefe su yi birgima saboda ƙwarkwata.

Akwai iyakar da ba na so ki wuce. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma wannan tsoron shi ya raya kajin Hausa a garuruwanmu. Kazar da ke jin inuwa ta gifta ta tattara 'ya'yanta ƙarƙashin rumbu, ko ta tashi sama ta tari shaho, dukiya ce, ko da ba ta ci a hannunki. Tsoron mutum ne muke son ragewa, ba wayo ba. Za ki ji ana yaba kajin ƙasashen waje irin su Brahma da Orpington da haƙuri, kuma da gaske suna da shi, amma tarin gashinsu na ƙasar sanyi ne, ga tsada, ga nauyin jiki. Kajin Noila, da Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika a Zariya, sun fi kajinmu nutsuwa da yawan ƙwai, sai dai ba kasafai suke kwanci ba, kuma ba su iya kauce wa muzuru kamar namu ba. In kina so, ki sa zakaran Noila mai hali a kan kajin Hausa sau ɗaya, sannan ki ci gaba da zaɓe cikin 'ya'yan. Amma ni dai na fi son ki fara da abin da ke hannunki, don a cikin ashirin ɗin nan da wuya a rasa uku ko huɗu masu nutsuwa. Kala ko siffa, fari ko ja, fingi ko durgu, ba su ke nuna hali ba, kowace ki gwada ta a kan kanta.

Tunda kaji kaɗan za ki riƙa haɗawa, jini zai yi kusa da wuri. Uba ya bi 'ya, wa ya bi ƙanwa, sai ƙyanƙyasa ta ragu, 'yan tsaki su riƙa fitowa da rauni. Duk shekara ki sauya zakara da na wani gida mai nisa, wajen 'yar uwa a Kumo ko Dukku ko Bajoga, inda za ki iya tambayar halinsa da na ubansa, ki ga yadda yake da yaran gidan da idonki. Zakaran kasuwa ƙafarsa a ɗaure take, ba ki san halinsa ba, ba ki kuma san abin da ya kwaso ba, musamman da hunturu lokacin da cutar Niyukasil ke share kaji gida-gida. Karɓo ƙwai ya fi karɓo zakara aminci. In zakaran ne dai, a ware shi mako biyu kafin ya shiga cikin naki. Ki kuma nemi rigakafin Niyukasil na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato a wajen malaman dabbobi, akwai wanda ake ɗiga wa kaza a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu, ku haɗu da maƙwabta ku raba kwalba ɗaya, don annoba guda na iya tafiya da zaɓen shekara biyu cikin mako.

Sagarar Hausa kan fara ƙwai wajen wata shida, wato kusan zuriya ɗaya ke nan a wata bakwai zuwa takwas. Amfanin reno za ki gan shi tun ƙyanƙyasar farko, na jini kuwa ki ba shi zuriya uku ko huɗu, shekara biyu zuwa uku. Allah ya sa albarka a kiwon, ya kuma tsare mana yaran.